Na Faɗa wa Duk Unguwa, Ban da 'Yar Fari

Ranar Laraba ce Sista ta fara kawo min abin. Na riƙe ranar ne saboda maigidan ya fita tun da sassafe zuwa kasuwar shanu, gida ya zama namu mu mata. Ina kan keken ɗinki ina fama da wuyan wata riga sai na ji sallamarta. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti da ke bayan unguwarmu ta Bolewa, Kirista daga wajen Filato, kuma na daɗe ina ɗinka mata kayan zuwa coci. Duk unguwar Sista muke ce mata. Ta zauna a bakin tabarma, ta zaro wani ɗan abu daga jakarta ta ɗora min a cinya.

"Yaya, duba wannan. Za ki iya ɗinka irinsa?"

Na juya shi gaba da baya. Tsawonsa bai fi tafin hannuna da rabi ba, da fukafukai biyu a gefe, da maɓallin nan mai cewa ƙas idan an danna. Samansa laushi, ƙasansa wani yadi mai santsi irin na laima.

"Audugar mata ce," in ji ta, "amma ta wanki. A wanke, a shanya, wata ya zagayo a sake sakawa."

Ban bari ta kai ƙarshen bayanin ba. Hannuna ya riga ya kai kan reza, na farke gefen abin tun daga sama har ƙasa don in ga cikinsa. Sista ta dafe kai ta kira sunan Yesu, ta ce shi ke nan guda ɗaya da aka ba ta a wajen wani taro. Ni ko a jikina. Na ware shi falle-falle a kan cinyata: yadi mai laushi, tawul ninki biyu, sai mai hana ruwa wucewa. Iya abin ke nan! Shekara ashirin ina taka keke a Potiskum, na ɗinka kayan aure, na ɗinka kayan suna, na ɗinka labule da rigar katifa, amma bai taɓa faɗo min a rai ba cewa wannan ma aikin tela ne. Na ce mata ta dawo jibi.

Duk macen da ta tashi a nan ta san tsumma. Tsohon zani ake yagawa a ninke, kina tafiya yana zamewa, kina zaune kina tsoron tashi. Audugar kanti kuwa ba kowace ke iya sayenta duk wata ba, balle gida mai 'yan mata uku ko huɗu. Amma ni a lokacin ba matan gari nake tunani ba. Yarinya ɗaya ce a raina, kuma a ɗakin da ke kallon nawa take kwana.

Ita ce 'yata ta fari. Mu Fulani ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Tun da aka yaye ta Innata ta ɗauke ta zuwa ƙauye, a can ta tashi, sai da Inna ta rasu aka dawo min da ita tana shekara goma sha uku. Ita Adda take ce min, yadda ake ce wa ya. Ni kuwa "ke" nake ce mata, in zan yi maganarta da wani sai in ce 'yar Inna. Kada wani ya ce ba na son ta. Ina son ta har ina jin abin a ƙirjina. In na raba nama, tsokar da ta fi kyau a kwanonta take sauka, sai dai ba na kallon wajen.

A shekarar tana aji uku na ƙaramar sakandare, ga jarrabawar da za ta kai ta makarantar kimiyya ta 'yan mata tana tafe. Aikin jinya take so, irin na Sista. A bakin Sistar ma na ji, ni ba ta taɓa faɗa min ba. Kanta na ja, amma kowane wata sai ta yi kwana huɗu ko biyar a ɗaki, ta ce kanta ke ciwo. Na san ciwon kan. Malamar ajinsu ta aiko min cewa in fashin nan ya ci gaba, ba za ta iya sa sunanta cikin waɗanda za su zauna jarrabawar ba. Na karɓi saƙon, na rasa bakin da zan tunkari yarinyar da shi.

To, ga abu Allah ya kawo har cinyata. Washegari na hau napep zuwa babbar kasuwa, na bi rumfunan 'yan yadi ɗaya bayan ɗaya, ina goga yadi a kumatuna don in ji laushinsa. Wani dattijo mai rumfa ya tambaye ni me zan ɗinka da yadin laima da tawul, na ce masa kayan jarirai. Har yau in ya hango ni sai ya ce, "Hajiya, yadin jariran naki ya iso," yana gyara hula, ni kuma in amsa ba tare da na kalle shi ba.

Na farkon da na ɗinka ya yi kauri, ya karya min allura biyu. Maƙwabciyata Babarbariya ta leƙo ta kan katanga ta gan shi, ta ce in matashin kai na koma ɗinkawa in yi mata biyu. Tsakaninmu da Barebari wasa ne tun kaka da kakanni, ita ta ce min baiwarta, ni in ce mata baiwata, ba mai jin haushi. Na biyu ya karkace. Na uku kuwa, da Sista ta zo ta zuba masa ruwa rabin kofi ta ɗaga shi sama, ko ɗigo bai sauka ba. Muka yi ihu mu uku, ni da ita da Babarbariya, har kajin gidan suka watse.

Babarbariya ce ta fara gwadawa a jikinta. Bayan kwana biyar ta faɗo min gida ko sallama babu, tana taku ɗai-ɗai, ta ce, "Baiwata, jiya har unguwar Hausari na je a ƙafa na dawo, ban waiwayi bayan zanina ko sau ɗaya ba. Matsa min, koya min za ki yi."

Ba ta taɓa taka keke ba a rayuwarta. Mijinta direban tirela ne, sai ya yi sati uku a hanya, ita kuma tana zaune da yara tana jiran abin da zai aiko. Ranar farko keken baya-baya ya riƙa yi mata, zare ya cukurkuɗe a ƙoshiyar keken, ta zage shi tas da Barbarci. Na ba ta takarda mai layi ta yi ta bi ba zare har ƙafarta ta saba. Ranar da ta fitar da ɗinki miƙaƙƙe na farko guɗa ta rangaɗa, ta ɗauki ƙyallen ta zaga da shi gida uku tana nunawa.

Kafin wata biyu mun zama mu biyar a ƙarƙashin rumfar tsakar gidana. Akwai wata 'yar Ngizim da mijinta ya rasu, hannunta da almakashi sai ka ce da shi aka haife ta. Ita ke ɗora kwalin awo a kan yadi, ta zana da alli, ta yanke. Sai wasu biyu 'yan Karai-Karai, ya da ƙanwa, masu buga maɓalli. Ni da Babarbariya muna kan keke. Yare huɗu ake yi a rumfar nan, in an zo faɗa ko tsokana a koma Hausa don kowa ya ji. Da hantsi muke farawa in an gama aikin gida, mu tashi da azahar. Maigidan ya tambaye ni sau ɗaya me muke ɗinkawa haka ƙanana-ƙanana, na ce masa kayan mata ne. Bai sake tambaya ba. Sai dai a satin ya ƙara mana kwano biyu a rumfar, kuma daga ranar sai ya yi sallama sau uku a zaure kafin ya shigo gidansa.

Mata suka fara zuwa, da farko a ɓoye. Mace ta zo da atamfa a hannu wai ɗinkin riga ta kawo, mu gama awo, sannan ta rage murya ta ce, "An ce kuna yin abin nan." Daga baya har zama suke a jere suna jira. Ranar da 'yar Ngizim ta sauke kekenta na kanta daga napep a ƙofar gida, sabo fil a kwali, da guminta, kuka ta fashe da shi, mu kuma muka kife robar wanki muna kiɗa muna rawa. Ban taɓa jin daɗin sana'ata irin na watannin nan ba. Da safe nakan farka ne ina ɗokin hantsi ya yi.

Abu ɗaya Sista ta kafa mana sharaɗi a kai: kada mu miƙa wa kowa sai da bayani. A jiƙa a ruwan sanyi, ban da na zafi. A wanke da sabulu, a ɗauraye sosai. Sannan a shanya a rana, rana sosai, har ya bushe ƙayau. "Rabin aikin naku ne," ta ce, "rabi na rana ne. In aka saka shi da danshi, ciwo zai kawo." A nan mata suke tirjewa. A igiya? A tsakar gida, maza na shige da fice? Ni na samo dabarar: a shanya, a yafa tsohon mayafi mai shara-shara a kai. Rana na ratsawa, iska na shiga, wanda ya gani ya ɗauka mayafi aka wanke.

Daga nan bakina ya buɗe. Ni da a da ko sunan abin ba na iya kamawa, na zama mai wa'azinsa. Gidan suna, gidan biki, bayan an tashi daga Islamiyya, duk inda na samu mata biyar a zaune sai na zaro guda daga jaka. Ruwan sanyi, sabulu, rana, mayafi. Na faɗa a Bolewa, na faɗa a Hausari, na faɗa wa matan cocin su Sista a gindin darbejiya. Babarbariya ta ce saura gidan rediyo.

'Yar Inna kuwa, nata na fara ɗinkawa tun da hannuna ya faɗa. Guda shida, da yadin da ya fi kowanne laushi, ruwan hoda, don na lura shi take so. Na bi kowane gefe sau biyu. Na haɗa da 'yar jaka mai zif da za ta riƙa sa na canji a ciki. Da safe bayan ta tafi makaranta na shiga ɗakinta na tura su ƙarƙashin matashinta, na fito da sauri kamar na yi sata. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Amma da watan ya zagayo na ga ta saka yunifom ranar Litinin, ta saka Talata, har Juma'a ba fashi. Na shiga ɗaki na turo ƙofa na taka rawa ni kaɗai. Wata na biyu ma haka. Malamarsu ta aiko da godiya, ta ce an sa sunanta.

Bayanin wanki fa? Na ɗauka ta ji. A gidan nan ake yin sa, kullum, sau nawa a rana. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, duk lokacin da na buɗe baki zan fara sai ta tashi tsam ta bar wurin, ta shige ɗaki ko ta tafi ɗebo ruwa. Haka ya kamata 'yar fari mai tarbiyya ta yi idan uwarta na irin wannan magana. Ina ganin tashin nata, har wani daɗi nake ji a raina, ina cewa Inna ta iya reno.

Ruwan farko ya sauka saura sati uku jarrabawa. A satin ne na ga tafiyarta ta canza, tana takawa a hankali, in za ta zauna sai ta karkace. Ranar Litinin ba ta je makaranta ba. Talata ma haka, ga shi na san ba lokacinta ba ne. Jikinta da ɗumi, abinci sai ta tsakura ta ture.

"Ke, lafiya?" na ce daga bakin ƙofa.

"Kaina ne, Adda."

Na tura Babarbariya ta bugi cikinta, ita ma kai aka ce mata. Ranar Alhamis malama ta sake aikowa: ana bitar ƙarshe, ina yarinya?

Ranar Juma'a gari ya washe, rana ta fito da ƙarfinta, na ce a fitar da katifu su sha iska saboda danshin ruwan da aka yi. Tana banɗaki na shiga ɗakinta na ɗaga tata. Wari ne ya fara dukana. Ga su nan jere a kan ledar ƙasa, ta wajen ƙafa, guda shidan nan masu ruwan hoda. An wanke su tas, an shimfiɗa, an danne da katifa. Na taɓa biyu, har yanzu da sanyin danshi. Fumfuna ta yi musu ɗigo-ɗigo baƙi.

Na zauna a ƙasa. Na san wannan shimfiɗar. Haka Inna ta koya min ranar da na fara, a ɗakinta na ƙauye: a wanke ba wanda ya gani, a sa ƙarƙashin shimfiɗa ta wajen ƙafa. Kada rana ta gan shi, kada ido ya gan shi, don in mai mugun nufi ya samu ƙyallenki zai iya ɗaure miki mahaifa. Abin da ta koya min shi ta koya wa jikarta, yarinya kuma ta riƙe amana. Wata uku tana saka abin da bai gama bushewa ba, tana zuwa makaranta da shi, ƙaiƙayi na cin ta, ta yi shiru. Kuma ni na ɗinka mata shi da hannuna.

A haka Babarbariya ta same ni. Ta dubi ƙasa, ta dube ni. Ranar ba ta ce min baiwa ba.

"Kin faɗa wa Bolewa, kin faɗa wa Hausari, har coci kin je. Ita ba ki faɗa mata ba?"

"Ta yaya zan faɗa mata? 'Yar fari ce."

"To ai ga shi nan," ta ce, ta nuna ƙasa.

Ita ta raka yarinyar asibiti da ranar nan, ni na kasa. Bayan la'asar Sista ta biyo su har gida da magani, na sha da na shafawa. Ta ja ni bayan rumfa ta ce abin bai yi nisa ba, kwana kaɗan zai warke, za ta iya zama jarrabawa. Na fara hamdala, ta ɗaga min hannu.

"Yaya, na yi mata bayanin rana, maƙwabciyarki ma ta yi. Ta saurare mu da ladabi, ta ce to. Da na matsa mata sai ta ce kakarta ta hana, kuma kakarta ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Ƙarƙashin katifa za ta sake mayarwa, ciwon ya dawo. In na lissafa daidai kuma, a bakin jarrabawar zai zo mata. Mu bare ne a maganar nan. Uwarki ce ta faɗa, ke kaɗai za ki iya warwarewa."

Na so in kauce. Na ce ai akwai gwaggonta, ƙanwar babanta, irin wannan aikinta ne.

"Gwaggon ce Innar ta haifa?" in ji Sista.

Na karɓi maganin daga hannunta.

Washegari Asabar ce, ba ma haɗuwa a rumfa. Maigidan na fita na ƙona tsofaffin a bayan gida, na hau keke na ɗinka sababbi shida, ruwan hodar dai. Sabo ma ana wanke shi kafin a fara sakawa. Na cika baho da ruwan randa, na zuba su ciki, na ajiye sabulu a gefe. Na zaga bahon ya fi sau uku kafin in iya buɗe baki.

"Ke, zo."

Ta fito tana kallon ƙasa. Da ta ga abin da ke cikin bahon ta juya za ta koma.

"Zauna," na ce. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. Ta tsuguna a ɗaya gefen.

Na yi bayanin nan ya fi a ƙirga, a gaban tsofaffi, a gaban matan malamai, ko gezau. Ranar nan harshena ya yi nauyi. Ban dube ta ba, ruwan na kalla. Na ce ruwan sanyi, ban da na zafi. Na nuna mata yadda ake murzawa a hankali don kada yadin ƙasan ya lalace. Na tura mata guda, ta sa hannu. Muka yi ta wanki, hannunta na gogar nawa a cikin kumfa, na lura yatsunmu iri ɗaya ne, ban taɓa sani ba. Da muka ɗauraye na ce, "Sai rana."

Hannunta ya tsaya. "Inna ta ce..."

"Na sani. Ni ma ta faɗa min, a ɗakin nan nata mai ƙofar kara. Inna ba ta yi miki ƙarya ba, abin da aka faɗa mata ta faɗa. Na bi maganarta shekara da shekaru, kuma abin da ke damunki yanzu ya dame ni, har na ɗauka haka zama mace yake. Ba haka ba ne. Danshi ne kawai. Laifina ne. Na ba ki abu na hana ki bayaninsa."

Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "In wani ya ɗauka fa, Adda?"

Na nuna mata tsohon mayafina kore da ke rataye a igiya tun safe. "Je ki ɗaga ki gani."

Ta je ta ɗaga gefensa. Nawa ne a ƙarƙashi, guda uku, sun bushe ƙayau. Wata da watanni tana wucewa ta gefen mayafin nan, ba ta san me ya rufe ba.

"Ba wanda ya taɓa ɗauka," na ce. "Babanku ma kullum ta nan yake bi. Ran nan cewa ya yi wannan mayafin ba ya gajiya da wanki."

Ta toshe baki, dariya ta kufce mata. Ni ma ta kufce min. Ban san ko mun taɓa yin dariya tare ba, ni da ita, kafin ranar. Da hannunta ta shanya su ɗaya bayan ɗaya, na miƙa mata wani mayafin ta yafa. Ranar Potiskum ba ta wasa. Kafin la'asar ta sauke su, na hango ta ta kai ɗaya hanci tana shinshinawa.

Ranar Laraba ta koma makaranta. Ni kuma na ba matan rumfa labarin ban rage komai ba. 'Yar Ngizim ta ajiye almakashi ta ce tana zuwa, ta tafi gida ɗaga katifar tata 'yar. Tun daga lokacin bayanina ya ƙara tsawo. Bayan ruwan sanyi da sabulu da rana da mayafi, sai in ce, "In kin koma gida ki faɗa wa 'yarki da bakinki, ko da ta fari ce." Mata sukan yi dariya a wurin nan, sannan wasu su yi tsit.

Kwana shida aka yi ana jarrabawar, kuma ba ta rasa ko takarda ɗaya ba. Lissafin Sista bai kuskure ba, safiyar farko abin ya zo. Na gane ne da na ga ta shiga ɗaki ta daɗe. Na tsaya a bakin murhu ina juya kunun da ya riga ya dahu, ina jiran in ji an ce kai na ciwo. Sai ga ta ta fito cikin yunifom da farin hijabi, biro biyu a hannu. Ta ce, "Adda, na tafi." Na ce Allah ya ba da sa'a, ina kallon tukunya.

Bayan ta fita ne na hango 'yar jakar nan mai zif a kan tabarma, ta manta ta garin sauri. Na sure ta, na ja zani na rufe kai, na bi ta ko takalmi ban saka ba. Kafin in kai ƙofar gida ta yi nisa, ta kusa bakin titi inda napep ke tsayawa, ga 'yan mata masu farin hijabi sun fi goma a layin. Na ce, "Ke!" Uku suka waiwayo, ban da ita. Wata tirela na wucewa da ƙara. Napep ya tsaya, ta ɗaga ƙafa za ta shiga.

Sai na kira sunanta. Da ƙarfi, a tsakiyar layi. Babarbariya na shara a ƙofar gidanta, tsintsiyar ta suɓuce daga hannunta. Shekara goma sha biyar sunan nan yana bakina, ban taɓa fitar da shi ba sai a addu'a.

Ta tsaya cak. Ta waiwayo tana neman mai kiran, ta dubi Babarbariya, ta dubi wata mata mai wucewa, sannan idonta ya sauka a kaina, ƙafa ba takalmi, jaka a sama. Ta dawo da gudu ta karɓa, ta cusa ta cikin hijabi. Idonta ya ciko, amma murmushi take.

"Adda," ta ce, "ashe kin san shi."

"Wuce, za ki makara," na ce.

Ta juya da gudu. Na tsaya a wurin har napep ɗin ya ɓace, ina maimaita sunan a hankali don bakina ya saba.